Cokalin Yaya

Idan akwai abin da Yaya take taƙama da shi a duniya, to kunnenta ne. Tana tsakar gida za ta ce maka butar da ke kan wuta a shago saura kaɗan ta tafasa, kuma kafin ka gama yi mata musu butar ta fara fito. Takan ƙwanƙwasa kofin tangaran da farce ta ce wannan ya tsage, ka juya shi ka juya ba ka ga komai ba, sai an zuba ruwan zafi ya rabe biyu. Ita da bakinta take cewa ranar da aka raba kyau da ilimi ta makara, kunne kawai ta tarar ya rage, ta kwashe shi duka.

Shagon na ƙaninta ne, autan gidan. Shi ya fasa bangon da ke tsakanin garejin marigayi babansu da ɗakin baƙi, ya zuba tebura tara, ya kafa ɗan dandamali na katako a kusurwa. Da safe ana shan shayi da gahawa da biredi, ranar Asabar da yamma kuma makaɗa su hau dandamali daga ƙarfe biyar zuwa takwas. Ya ce daga yau a riƙa kiran sa Manaja. Kowa ya bi, ban da Yaya, wadda ta goya shi har ya iya tafiya, ta ce ba za ta tsufa tana sauya wa mutum suna ba. Tun rasuwar mijinta take zaune a ɗakin da ke bayan shagon, don haka ba a ma yi shawara ba aikin haɗa shayi ya faɗa kanta.

Sai kuma maganar cokali. Kafin a fara kiɗa, makaɗa sukan gwada sauti, duk su juyo su dubi teburin haɗa shayi. Yaya za ta karkata kai ta saurara. In ta ɗaga cokalin shayi sama, Mai Gita ya ƙara ƙarfin injin sauti. In ta nuna ƙasa da shi, ya rage. In ta buga shi sau ɗaya a bakin kofi, sauti ya zauna ke nan, a fara. Ba wanda ya taɓa yi wa cokalin nan gardama. Yaya kuwa, a gaskiya, wannan 'yar daƙiƙar da maza biyar suke tsaye suna jiran cokalinta ta fi mata komai daɗi a mako, ko da yake da ka tambaye ta sai ta ce wahala ce kawai.

Lasifikar shagon babba ce, baƙa, tsayinta ya kai kafaɗar mutum. Ranar da aka kawo ta, an so a kai ta lungun da ke can ƙarshen ɗakin, sai wayarta ta ƙi kaiwa. Wani ya ce a ajiye ta jikin taga, Auta ya ce ina, nan ne tebur na ɗaya, wurin manyan baƙi. Ana cikin jayayya shayi yana hucewa, Yaya ta ce, "Ku ajiye ta nan kusa da ni mana, kafin a sayo doguwar waya." Aka ajiye ta dab da kafaɗarta ta hagu. Daga baya, duk lokacin da ta so ta zagi wanda ya kawo wannan shawara, sai ta tuna ko wace ce, ta haɗiye zagin.

Shago ya karɓu. Asabar ta haifi Juma'a, Juma'a ta jawo Lahadi, aka wayi gari kwana huɗu a mako ana kiɗa. Wata asuba Yaya ta farka ta ji buta tana fito. Ta diro daga gado ba takalmi, ta ruga shago tana salati, ta tarar da murhu a kashe, buta a kife tun jiya. Ta tsaya riƙe da tsumma a hannu, fiton kuwa yana nan bai daina ba. Sai da ta toshe kunnen hagu da yatsa sannan ta gane butar a cikin kanta take.

Ta sami Auta yana jera kujeru.

"Auta, wayar nan da ka ce za a sayo."

"Wace waya?"

"Ta lasifika. Kunnena ya fara ƙugi, ko barci ba na yi sosai."

"Kai, Yaya, wallahi tana raina. Mako mai zuwa in na shiga kasuwa."

Mako mai zuwa ya zo ya wuce, ya dawo ya sake wucewa. Wata rana mai kayan lantarkin ya rufe shago, wata rana irin wayar da ake so ta ƙare, wata rana kuma Auta ya sayo fitilu masu launi don dandamali ya manta. Ba ya taɓa cewa a'a. Da ya ce a'a da ta san abin da za ta yi da shi, tunda ta sha marin sa yana ƙarami. Amma ta yaya za ka yi faɗa da mutumin da kullum yake cewa kina da gaskiya?

Matarsa, wadda ake kira Madam, ita ke zama wurin karɓar baƙi can bakin ƙofa, inda kiɗa ke isowa a hankali. Ta kawo wa Yaya dunƙulen auduga ta ce, "Ki cusa wannan, Yaya, ki ja ɗankwali ki rufe. Ni fa ban ga wata ƙara ba, ni da nake wuni a shagon." Yaya ta cusa. Da lokacin gwada sauti ya yi sai ta zare, don ba za a ce ta yanke hukunci da auduga a kunne ba. Da baƙi suka cika suna kiran shayi sai ta sake zarewa don ta ji su. A ƙarshe audugar ta fi daɗewa a aljihu.

Ta kai ƙara wurin Inna, mahaifiyarsu, tana zaune a inuwa tana jan carbi.

"Ke ma dai," in ji Inna. "Yaron nan sana'a uku ya kama ta watse, yanzu Allah ya buɗa masa, kuma sai daga cikin gida za a fara ɗaga masa hankali? Ke ce babba. In ba ki rufa masa asiri ba wa zai rufa? Zo in ɗiga miki man zaitun."

Aka ɗiga man zaitun. Yaya ta kwanta a cinyar Inna tana da shekara hamsin da biyu, man yana gangara mata a wuya, tana yi wa kanta dariya a ciki. Ta zo neman a ɗauke lasifika, ta tashi da wuya mai maiƙo.

Daga nan kuskure ya fara. Mai son shayi ba sukari ya sami cokali uku, mai son gahawa ya sami madara zalla. Yaya ba ta gaya wa kowa dalili ba, sai ta koyi kallon baki. Cikin wata biyu ta ƙware, mutum yana tebur na tara ya motsa leɓe, kafin ya sauke hannu kofinsa na hanya. Auta ya mai da abin talla. Yakan dafa kafaɗar baƙo ya ce, "Gwada ta ka gani. Yi magana a hankali daga nan. Yayata ba irin sauran mutane ba ce." Baƙi su gwada, su tafa. Yaya ta yi murmushi ta ɗan rusuna. Abin haushin, tafin yana yi mata daɗi.

Inda abin ya ƙi shi ne idan mutum ya sunkuyar da kai yana magana. Don haka ta tanadi amsa ɗaya, ta gyaɗa kai ta yi dariya ta ce, "Ai kuwa, madalla." Amsar ta yi mata aiki har ranar da wata malamar makaranta, mai zuwa kullum da safe, ta tsaya gabanta kai a ƙasa tana magana a hankali. Yaya ta yi dariyarta ta ce madalla. Matar ta ɗago ido jajur, ta ajiye kofi ta fita. Mai Gita ne ya matso ya dubi Yaya fuska da fuska ya ce, "Cewa ta yi mahaifiyarta ta rasu jiya." Yaya ta shiga ɗakinta ta rufe ƙofa ta yi kuka sosai, kuma kunya ta hana ta zuwa gaisuwa.

Washegari ta tafi asibiti ita kaɗai. Likita ya sa mata wani abu a kai ya ce ta ɗaga hannu duk lokacin da ta ji ƙara. Ta zauna tana jira a fara. Ashe an daɗe da farawa.

"Na hagu ya tafi, Mama, ba zai dawo ba," in ji likita, yana buɗe baki sosai don ta gani. "Na dama ya taɓu, amma da sauransa. Shi za mu yi ƙoƙarin tsarewa. Ki nisanci ƙara daga yau, ki dawo bayan wata ɗaya."

Ya rubuta haka a takarda ya buga hatimi. Yaya ta riƙo takardar nan hannu biyu har gida, tana ganin yau kam magana ta ƙare, tunda ga hatimi.

Auta ya karanta a tsaye. Ya girgiza kai, ya yi tsaki na tausayi, har idonsa ya yi kamar zai kawo ruwa.

"Subhanallahi. Amma kin san likitoci, Yaya, sai sun tsorata mutum. Shekaru ma suna kawo wannan, ai Baba ma kafin ya rasu sai an ɗaga murya."

"Baba yana da tamanin da huɗu."

"Na sani. Bar takardar a wurina, zan duba abin da za a yi."

"Ko in riƙa shiga ciki idan an fara kiɗa? Madam ta tsaya a nan."

Madam ta ce ita kam tururin shayi yana tayar mata da ciwon kai. Auta ya kama hannun Yaya ya ce, "Hannunki ake bi fa. In kin shiga ciki, rufe shagon zan yi. Haka kike so, in koma zaman gida?" Ba haka take so ba. Ta kuma ji wani abu ya yi mata sanyi a ƙirji da ya ce hannunta ake bi. Da dare ya yi ta tuna, sai ta ce wa kanta, ke dai da yabo kaɗan ana iya sa ki ki shiga tanda.

Abin da aka yi bayan mako biyu shi ne an sayo akwatin gilashi na ajiye kek. Madam ta ce dole ya fuskanci ƙofa don masu shigowa su gani, don haka aka juya teburin haɗa shayi, murhu ya koma ɗaya gefen. Yaya ta tsaya a sabon wurinta, ta ɗaga kai, ta ga lasifika yanzu tana gefen dama. Ta buɗe baki za ta yi magana, ta tarar duk sun zagaye akwatin suna yaba fitilarsa. Ranar komawa asibiti ta zo ranar Juma'a, shago ya cika, ba ta je ba.

Ana nan, Auta ya gayyato wata mawaƙiya mai farin jini. Wani lauya, babban abokin cinikin shagon, ya kama tebur na ɗaya shi da matarsa da baƙinsa huɗu. Tun ƙarfe huɗu da rabi ba kujerar zama. Makaɗa suka hau, suka fara gwaji, suka juyo gaba ɗaya.

Yaya ta karkata kai. Tana ganin mai ganga yana duka, tana ganin bakin mawaƙiyar a buɗe, amma abin da ke iso mata kamar rediyon maƙwabta ne ta bayan bango. Ta ce a ranta yau injin ya yi sanyi. Ta ɗaga cokali. Mai Gita ya murɗa. Ta sake ɗagawa. Ya dube ta, ya ɗan yi jim, ya murɗa. Kofunan da ke kan tire suka fara rawa suna matsawa baki, ta gan su sarai, amma ɗakin cike yake da mutane suna kallon cokalinta, kuma cokalin bai taɓa kuskure ba. Ta ɗaga shi a karo na uku.

Ba ta ji abin da ya biyo baya ba, gani ta yi. Wata mata ta rungume jaririnta ta yi waje. Mawaƙiyar ta ja da baya ta toshe kunne. Lauya ya miƙe tsaye yana ɗaga hannu, jijiyar wuyansa a tashe. Mai Gita ya yi tsalle ya kashe injin.

Auta ya iso gabanta fuska a murtuke, kuma tunda kusa yake tana ganin kowace kalma.

"Haba Yaya! So kike ki kore min mutane? Kin kurmance ne?"

Mai Gita ya sauko daga dandamali, ya tsaya inda ita ma za ta ga bakinsa. "E, Manaja. Ta kurmance. Kowa a shagon nan ya sani, har mai kawo madara."

Auta ya ji lauya yana kiran sa. Ya ruga ya rusuna a gefen teburin. Lauya ya nuna lasifika da mabuɗin motarsa ya ce, "Ba ma ƙarar kaɗai ba. Wannan akwatin teburina yake fuskanta kai tsaye. Ku kai shi can lungu, in ba haka ba mu tashi."

"Yanzu kuwa, ranka ya daɗe."

Yaya ta riga ta jefa ganyen shayi a tukunya, don hannunta ba ya iya zama haka nan. Tana tsaye ta ga Auta ya fita da gudu ya buɗe bayan motarsa, ya dawo da doguwar waya a naɗe, ledarta ta yi ƙura har ta dafe. Shi da mai ganga suka ciccibi lasifika suka kai ta lungun ƙarshen ɗaki, aka jona, aka gwada. Ta dubi tukunya. Shayin bai ma gama yin ja ba.

A inda lasifikar ta tashi, ƙasa ta yi fari mai kusurwa huɗu. A tsakiya akwai wata takarda da aka ninke ta yi ƙarami, an danne ta ta yi lebur, da alama an cusa ta ne a ƙarƙashin ƙafa ɗaya don kada akwatin ya riƙa girgiza. Yaya ta sunkuya ta ɗauka ta warware. Hatimin likita yana nan, bai goge ba. To, ta ce a ranta, ashe dai ya duba abin da za a yi da ita.

Aka yi wasa, aka tafa, baƙi suka watse da fara'a. Washegari da safe Auta ya zo yana murmushi, ya sha gabanta don ta gan shi.

"Kin ga an ɗauke miki ita ko? Na ce miki tana raina. Sai dai maganar cokali, ki huta, Madam za ta riƙa dubawa. Kin san mutum in ya fara girma."

Inna, da ta leƙo karɓar shayinta, ta ce, "Kin gani? Da kin yi ta hayaniya da yanzu an ɓata. Haƙuri ai bai ba ki kunya ba."

Yaya ta gyaɗa kai. Saura kaɗan ta ce madalla.

Ta koma tana goge kofuna. Can ta ɗago ta ga mutanen da ke tebura duk ita suke kallo, wani yana nuna bayanta da yatsa. Ta juya. Buta ce take ta fito, tururi yana fita da ƙarfi, murfinta yana tsalle, ba a fi taku ɗaya ba tsakaninta da ita. Ko yaushe ta fara, Allah ne ya sani. Yaya ta kashe murhu. Ta tsaya tana kallon butar, wadda a da take jin numfashinta daga tsakar gida, sai ta ji tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ɗan abin da ya rage a kunnen dama, in ma ya rage, ba wanda zai tsare mata shi a gidan nan.

Ta wanke hannu. Ta ɗauki cokalin ta goge shi tas ta ajiye a gaban Madam. Ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafi da takardar likita, ta ratsa tsakanin tebura ta nufi ƙofa, baƙi uku suna ɗaga mata hannu suna neman shayi.

A bakin ƙofa ta hango Auta ta cikin gilashi, ya biyo ta da sauri, bakinsa yana motsi. Wata da watanni tana karanta baki, ta karanta sukari da madara da gahawa ba adadi, kalma biyu kawai take jira ta gani a wannan bakin, wato "yi haƙuri", kuma ta san da ya faɗe su za ta ajiye mayafin ta koma bakin murhu, don ta san halinta. Ta juya ta tsaya ta zuba wa leɓensa ido sosai, don kada ko harafi ɗaya ya wuce ta.

"Yaya," ya ce, "ina kika ajiye sukari?"

Ta dube shi, yaron da ta goya. Sannan hannunta, wanda bai taɓa koyon zuciya ba, ya ɗaga da kansa ya nuna masa gwangwanin da ke saman akwatin kek. Ta yi wa kanta 'yar dariya, ta ja mayafinta ta rufe kunnen dama da kyau, ta fita.